Wurin Furucin [d] da [ɗ]: Sharhi a kan Jadawalin Baƙaƙen Hausa Bisa La'akari da Hausar Jalingo

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi nazarin ilimin furuci a makarantunmu ya haddace cewa [d] bahanƙe ne, tsayau, mai ziza, shi kuwa [ɗ] naɗe-harshe ne, haɗiyau, mai ziza. Haka Sani (1999) ya jera su a cikin Tsarin Sauti da Nahawun Hausa, haka kuma ake koyarwa tun daga sakandare har jami'a. Babu mai musun hidimar da wannan jadawali ya yi wa nazarin Hausa. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa jadawalin ya fifita bakin harshe a kan maƙwallato wajen rarrabe waɗannan sautuka biyu, kuma illar haka tana fitowa fili a garuruwa irin su Jalingo, inda Hausa take harshe na biyu ga ɗimbin masu magana da ita.

2.0 Sautin [d] a Harsunan Duniya

Harafin d ɗaya ne a rubuce, amma furucinsa ya bambanta. A wasu harsuna harshe yana taɓa bayan haƙoran sama, wato ɗan haƙori [d̪]. A wasu kuma tsinin harshe yana taɓa hanƙa. An daɗe ana koyar da cewa na Faransanci ɗan haƙori ne, na Ingilishi bahanƙe. Da Dart (1991) ta auna bakin mutane kimanin 20 a kowane harshe, sai ta tarar akwai Faransawa masu taɓa hanƙa, akwai kuma Amurkawa masu taɓa haƙori. Dalili shi ne, harsunan biyu ba sa rarrabe ma'ana da wannan bambanci, don haka kowa yakan ajiye harshensa inda ya saba.

Akwai kuma harsunan da bambancin yake ɗauke da ma'ana. Dinka na Sudan ta Kudu yana rubuta ɗan haƙori da dh, bahanƙe da d. Ladefoged da Maddieson (1996) sun kawo Isoko na Jihar Delta cikin harsunan da suka rarrabe biyun. Hindi na ƙasar Indiya kuwa ɗan haƙori yake rarrabewa da naɗe-harshe [ɖ]. A irin waɗannan harsuna wurin furuci shi ne ginshiƙi. Tambayar ita ce, Hausa tana cikinsu? Babu kalmomi biyu a Hausa da ma'anarsu ta bambanta don an furta [d] ɗin ɗaya a haƙori, na ɗayar a hanƙa. Ke nan kiran [d] bahanƙe suna ne na gurbi a jadawali, ba iyaka ce da aka auna a bakin kowane Bahaushe ba.

3.0 Me Ya Raba [d] da [ɗ]?

Bambancin da Hausa ta damu da shi shi ne wanda ke cikin waɗannan kalmomi:

(1) da : ɗa
(2) fada : faɗa
(3) kada : kaɗa
(4) daidai : ɗaiɗai

Gaskiya ne harshe yakan ɗan ja baya wajen furta [ɗ], kuma nan ne sunan naɗe-harshe ya samo tushe. Amma binciken da aka yi da na'ura ya fi karkata zuwa maƙogwaro. Tun 1952 Carnochan ya tattauna waɗannan baƙaƙe a matsayin masu aikin maƙwallato. Ladefoged (1964) ya lura cewa abin da ya fi fitowa a [ɓ] da [ɗ] na Hausa shi ne tsukewar tantanin maƙwallato, wadda ke haifar da ziza mai ƙugi. Lindau (1984) ta kwatanta su da haɗiyau na harsunan yankin Neja Delta, irin su Kalabari da Degema, ta ga ba iri ɗaya ba ne. Lindsey, Hayward da Haruna (1992) sun sake bin batun da na'urar auna motsin maƙwallato. Saboda haka kalmar haɗiyau ita ma tana buƙatar ƙarin bayani, domin zuƙar iska ciki ba kullum take da ƙarfi ba.

Malamanmu na ajami sun riga mu gane wannan. Sun rubuta [d] da harafin د, suka zaɓi ط ga [ɗ], kamar yadda kalmomin aro irin su ɗalibi, ɗabi'a, ɗahara da sharaɗi suke nunawa. A ilimin tajwidi kuwa د da ط mafitarsu ɗaya ce: gefen harshe na gaba tare da tushen haƙoran gaba na sama. Sifa ce ta raba su. Wannan zaɓi yana nuna cewa kunnen malaman ya ji bambancin a sifar sautin, bai neme shi a mafita ba.

4.0 Abin da Jalingo Take Nunawa

Jalingo ta zama mazaunin Sarkin Muri a 1893, ta kuma zama babban birnin Jihar Taraba a 1991. A kasuwarta da makarantunta Fulani da Mumuye da Jukun Kona da sauran al'ummun jihar da Hausa suke mu'amala. Aji ɗaya na masu nazarin Hausa a nan yakan tara masu harsunan gida da dama, abin da malamin da ya zo daga Kano ko Katsina bai saba gani ba.

Ɗaliban da suka tashi da Fulfulde ba su da wahala da [ɗ], domin harshensu ya rarrabe d, ɗ da nd, kamar a debbo 'mace', ɗiɗi 'biyu' da ndiyam 'ruwa'. Wahalar tana ga waɗanda harsunansu ba su da wannan sauti, waɗanda a bakinsu fada da faɗa sukan zama ɗaya. Idan aka ba irin wannan ɗalibi bayanin jadawali, sai ya bi shi sau da ƙafa: ya naɗe harshe, ya saki maƙwallato. Abin da ke fitowa shi ne [ɖ] irin na Hindi, wanda Bahaushe yake ji kamar d mai nauyi. Idan kuwa aka fara da shi daga hamzar da ke cikin a'a da sa'a, aka ce ya riƙe wannan tsukewa ya furta d, yakan kusanci sautin cikin ɗan lokaci, ko da harshensa bai gusa daga hanƙa ba.

Al'amarin ya wuce aji. Da yawa daga waɗannan ɗalibai su ne za su koyar da Hausa a Zing da Bali da Wukari. Wanda ya ci jarrabawa da haddar naɗe-harshe, alhali bai iya raba kada da kaɗa ba, ɗalibansa ma haka za su tashi, kuma za a ga alamar haka a rubutunsu, inda lanƙwasar ɗ takan ɓace.

5.0 Kammalawa

Wannan takarda ba ta neman a yi watsi da jadawalin. Shawarwarinta uku ne. Na farko, a bayyana wa ɗalibi cewa aikin maƙwallato shi ne babban abin da ya raba [d] da [ɗ], ja da bayan harshe kuwa rakiya ce. Na biyu, a bayyana cewa [d] na Hausa yana iya faɗawa ko'ina tsakanin haƙori da hanƙa ba tare da ma'ana ta sauya ba. Na uku, mu auna da kanmu. Hanyar da Dart ta bi ba ta da tsada: a kwaɓa garin gawayi da man girki, a shafa a harshe, mutum ya furta kalma, a sa madubi a bakinsa a ɗauki hoton inda baƙin ya taɓa. Sashen Hausa na kowace jami'a zai iya yin haka da masu magana daga Kano, Sakkwato, Zariya da Jalingo, a kwatanta sakamakon, sannan a gyara gurbin da ya buƙaci gyara bisa hujja.