Dorugu a Ingila: labarin yaron Damagaram da ya cancanci a sake karantawa

Duk mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya saba da Hausar mutanen Damagaram, masu tsallako iyaka da raƙuma da shanu. Daga wannan ƙasa tasu ne, a ƙauyen Dambanas kusa da Kance, aka haifi Dorugu wajen 1840. Labarin rayuwarsa da ya bayar da bakinsa yana cikin littafin Magana Hausa, wanda James Frederick Schön ya wallafa a London a 1885, kuma yana cikin labaran farko da wani Bahaushe ya bayar kan abin da idonsa ya gane masa a Turai.

Yana yaro aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har Kukawa. Can wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya fanshe shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai Dorugu da abokinsa Abbega, Bamargi, suka koma hannun Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim. Sun bi shi Zinder da Katsina da Sakkwato har Timbuktu. A hanyar dawowa, ƙarshen 1854, ayarinsu ya taso daga Kano ya ratsa Gumel. Barth ya taɓa ganin garin a 1851, zamanin Sarki Ɗan Tanoma, kasuwar kanwa tana ci sosai; wannan karon ya tarar rikicin gadon sarauta ya ɗaiɗaita shi. Ke nan yaron da zai ba mu labarin London ya taka ƙasar Lautai, wato Gumel, da ƙafarsa. A 1855 suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta Malta da Marsel, suka bi ta Faris zuwa Ingila, daga bisani Barth ya kai su Hambug da Balin.

Abin da ya fi kama ni a labarin shi ne idon Dorugu. Bai fi shekara goma sha shida ko sha bakwai ba lokacin da yake faɗa, Schön yana rubutawa, amma Turai ba ta ruɗa shi ba. Yana kallon Turawa yadda Barth ya kalli Hausawa: ga abincinsu, ga tufafinsu, ga al'adarsu. Inda ya fi zuba basira shi ne bayanin yadda Ingilishi suke cin abincin gayyata, tun daga shigowar baƙi da zama a tebur, da yadda ake kawo kwano bayan kwano, har zuwa tashi. Ba ya yabo, ba ya kushewa, faɗa kawai yake yi dalla-dalla kamar mai ba 'yan gida labarin bikin wani gari da ya je. Haka kuma sashen ƙuruciyarsa, da noma da yunwa da fargabar mahara da rabuwa da iyaye, ba ya neman a tausaya masa, shi ya sa ma yake taɓa zuciya.

Sai batun harshe, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin. Dorugu ya zauna gidan Schön yana koyon Turanci da karatu da rubutu, a lokaci guda shi ne malamin maigidan nasa. Abbega ya dawo gida a 1857, shi kuwa ya tsaya har 1864. Nahawun Hausa da Schön ya fitar a 1862 da ƙamusunsa na 1876 sun sha daga bakin wannan yaro ƙwarai. Sunan Schön ne a bangon littattafan, amma tatsuniyoyi da labarai masu yawa da ke cikin Magana Hausa na Dorugu ne.

Littafin yana da nakasu. Schön ya rubuta Hausa ne yadda kunnen Bajamushe ya ji ta, tun kafin a daidaita ƙa'idojin boko, babu ƙ da ɗ da ɓ yadda muka san su, don haka sai mai karatu ya yi haƙuri kafin idonsa ya saba. Ga shi kuma maganar ta bi ta hannun ɗan mishan, dole a riƙa tuna cewa yaro ne yake magana gaban uban ɗakinsa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne labarin ya yanke da wuri. Shekarunsa na girma, har zuwa koyarwar da ya yi a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912, duk ba su ciki.

A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara shi zuwa Turanci, suka haɗa shi da tarihin Maimaina, Sarkin Askira, jikan Abbega. Ɗalibanmu sun san Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam na 1944, amma Dorugu ya riga shi da kusan shekara casa'in. Ina fata masana Hausa a Jami'ar Bayero ko Kwalejin Ilimi ta Gumel za su ɗauki nauyin juya labarin zuwa rubutun yau, su bar masa karin harshensa na Damagaram yadda yake, a buga shi da araha yadda ɗan sakandare a Gagarawa ko Sule Tankarkar zai iya saye.