Riƙe Tauraro ko Musanya Shi: Lissafin da Manyan Ƙungiyoyin Besbol ke Fakewa da Shi

Besbol, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda sannan a zagaya tashoshi huɗu a guje kafin a ci maki ɗaya, yana cikin wasannin da suka fi daɗewa da zama sana'a a Amurka, kuma babbar gasarsa, wadda ake kira MLB, ta ƙunshi ƙungiyoyi 30, ɗaya daga cikinsu a Kanada, kowace tana buga wasa 162 a kaka guda. A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta yi ƙarfi a tsakanin masu tafiyar da waɗannan ƙungiyoyi, wato idan ɗan wasan da ya fi kowa gwaninta ya kusa cika wa'adinsa, sai a miƙa shi ga wata ƙungiya a karɓi matasa uku ko huɗu a madadinsa, maimakon a tsawaita kwantiraginsa a kan kuɗin da kasuwa ta yanke masa. Masu yin haka suna kiransa hangen nesa da iya tattali. Akwai yanayin da matakin ya dace, amma idan ƙungiyar mai arziki ce, tauraron kuma bai kai shekara 30 ba kuma a gidan ya tashi, to kuskure ne, kuma sau da yawa maƙo ne aka lulluɓe da lissafi.

Ba za a gane dalilin wannan tsaka mai wuya ba sai an san yadda dokar wasan ta ɗaure ɗan wasa da ƙungiyarsa. Kusan shekara ɗari akwai wani sharaɗi a kowane kwantiragi da ya ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa iya tsawon sana'arsa, ko ta sayar da shi ba tare da shawararsa ba. Curt Flood na ƙungiyar St. Louis Cardinals ya ƙi amincewa da a tura shi Philadelphia a 1969, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, amma a ƙarshen 1975 wani mai sasanci ya yanke hukuncin da ya karya sharaɗin, daga nan aka shimfiɗa tsarin da ake bi har yau. A wannan tsari ɗan wasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa shekara shida daga ranar da ya shigo babbar gasa: a kusan ukun farko albashinsa bai wuce mafi ƙanƙantar albashin da aka amince da shi ba, wanda ya kasance dala 740,000 a 2024, a sauran kuma yana iya kai ƙungiyar gaban masu sasanci su yanke masa abin da ya dace da aikinsa. Da shekara ta shida ta cika sai ya zama mai cin gashin kansa, ya tafi inda aka fi taya shi, tsohuwar ƙungiyarsa kuwa ba ta samun komai sai dai, a wasu lokuta, ƙarin gurbi ɗaya a zaɓen matasan da ake yi duk shekara. Saboda haka ne shekara ta biyar da ta shida suka zama lokacin yanke shawara.

Mai bin ƙwallon ƙafar Turai zai iya zaton cinikin iri ɗaya ne, alhali akwai bambanci babba. Lokacin da Liverpool ta sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona a watan Janairun 2018 ta karɓi tsabar kuɗi fiye da fam miliyan 100, kuma a shekarar ta ɗauko Virgil van Dijk da Alisson, 'yan wasan da kowa ya riga ya ga aikinsu. A besbol na yau ba a sayar da tauraro da tsabar kuɗi, ana musanya shi ne da wasu 'yan wasa, galibi matasan da ke ƙananan gasa waɗanda ba su taɓa fuskantar manyan masu jifa ba. Mai bayar da tauraro yana sakin abin da ke hannunsa ne ya karɓi alkawari, kuma alkawarin matashi a wannan wasa yana yawan warwarewa, ko saboda rauni a gwiwar hannu ko saboda ya kasa gane jifan ƙwararru.

Kamfanin da ya mallaki Liverpool, Fenway Sports Group, ƙarƙashin John Henry, shi ne kuma ya mallaki Boston Red Sox, kuma a can ne aka yi musayar da ta fi kowace fito da aibin wannan ɗabi'a. Boston ce ta zaɓi Mookie Betts a 2011 yana ɗan makarantar sakandare, ita ta rene shi a ƙananan ƙungiyoyinta har ya shigo babbar gasa a 2014. A 2018 shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasa na rukunin American League, ɗaya daga rukuni biyu da aka kasa gasar, a kakar da ƙungiyar ta ci wasa 108 ta kuma lashe World Series, wato jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran shekara. Ya iya bugu, ya iya gudu, ya iya tsaron fili, kuma ma'aunin da masana alƙaluman wasan ke amfani da shi, wanda ke ƙiyasta yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya idan aka kwatanta shi da ɗan cike gurbi, ya nuna cewa shi kaɗai ya ƙara mata nasara fiye da 10 a wannan kaka. A watan Fabrairun 2020, yana da shekara 27, saura kaka ɗaya wa'adinsa ya cika, Boston ta haɗa shi da mai jifa David Price ta miƙa wa Los Angeles Dodgers, ta karɓi Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong.

Abin da ya biyo bayan musayar a fili shi ne albashin ƙungiyar ya sauka ƙasa da dala miliyan 208, iyakar da duk wanda ya haura ta a 2020 zai biya harajin da aka ɗora wa masu yawan kashewa. Besbol ba ta da dokar da ta hana ƙungiya biyan abin da take so, abin da ke akwai shi ne wannan haraji a kan rarar da ta haura iyaka: kashi 20 cikin ɗari a karon farko, kashi 30 a shekara ta biyu a jere, kashi 50 a ta uku, kuma idan ƙungiya ta sauka ƙasa da iyakar shekara guda sai lissafin ya koma farko. Boston ta biya harajin a 2018 da 2019, kuma a kowace shekara bai kai dala miliyan 15 ba, kuɗin da bai wuce albashin matsakaicin mai jifa ɗaya ba, ga ƙungiyar da ke da filin Fenway Park tun 1912, da tashar talabijin ta kanta, da magoya baya a faɗin yankin New England. A watan Yulin 2020 Dodgers ta ba Betts kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 365, kuma da shi ta lashe World Series a 2020 da 2024 da 2025. Boston ta kai wasannin kusa da ƙarshe a 2021, amma ta zo ta ƙarshe a shiyyarta a 2020 da 2022 da 2023, ta sallami Downs a ƙarshen 2022, ta miƙa Verdugo ga New York Yankees bayan shekara guda, ta kuma kori Chaim Bloom, shugaban harkokin wasa da aka yi musayar a hannunsa, ko da yake masu dukiyar da suka shata masa iyakar kuɗin suna nan a kujerunsu.

Masu goyon bayan musaya suna da hujja mai nauyi, kuma rashin adalci ne a wuce ta da sauri. Suna cewa dogon kwantiragi yana biyan ɗan wasa ne a kan abin da ya riga ya yi, alhali jikinsa yana gangarowa, domin yawancin masu bugu sun fi ƙarfi tsakanin shekara 26 zuwa 30. Suna kawo Albert Pujols, wanda St. Louis ta bari ya tafi bayan ta lashe kofin 2011, Los Angeles Angels ta ba shi dala miliyan 240 na shekara 10 yana gab da cika 32, aikinsa ya yi ta raguwa har aka sallame shi a 2021 kafin wa'adin ya ƙare, ita kuwa St. Louis ta sake kaiwa wasannin ƙarshe a 2013. Suna kawo Miguel Cabrera, wanda Detroit ta ƙara masa shekara 8 a kan dala miliyan 248 a 2014, daga 2015 har ya yi ritaya a 2023 ba ta sake shiga zagayen neman kofi ba. Suna ƙarawa da cewa a besbol gwani ba ya ɗaukar ƙungiya shi kaɗai, tunda mai bugu yana jiran layinsa ne cikin mutum tara. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai misalan nan na mutanen da suka haura 30 ne, waɗanda bugu kaɗai ya rage musu, kuma ɗora hukuncinsu a kan ɗan shekara 27 mai gwaninta ta fuska uku ba lissafi ba ne, neman mafaka ne. Ko da shekaru ukun ƙarshe na irin wannan kwantiragi sun zama asara, ƙungiyar ta riga ta mori shekaru shida ko bakwai na ganiyarsa, bayan shekarun farko da ta same shi a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba.

Inda musaya ta dace shi ne abin da Washington Nationals ta yi da Juan Soto a watan Agustan 2022. Ƙungiyar da ta lashe kofi a 2019 ta riga ta watse, a wannan kaka ta sha kashi a wasa 107, ta yi wa Soto tayin dala miliyan 440 na shekara 15 ya ƙi, kuma saura masa kaka biyu da rabi, wanda hakan ya sa farashinsa ke sama. San Diego ta karɓe shi ta ba da 'yan wasa shida, uku daga cikinsu, CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood, sun kai ga shiga wasan zaɓaɓɓun taurari na tsakiyar kaka. Da Soto ya sa hannu a kan dala miliyan 765 da New York Mets a ƙarshen 2024, ya tabbata cewa tayin Washington ba zai taɓa riƙe shi ba. Sharuɗɗa uku ne suka haɗu a nan: ƙungiyar ba ta da ƙarfin neman kofi nan kusa, an yi tayi na gaskiya an ƙi, kuma an yi musayar da wuri. Boston ta 2020, wadda ba ta fi wata 16 da ɗaga kofi ba, ba za ta iya cewa sharaɗi na farko ko na uku ya shafe ta ba.

Mafi muni cikin zaɓuɓɓukan shi ne jinkiri, kuma Angels ce ta nuna haka da Shohei Ohtani, ɗan Japan da ke jifa kuma yake bugu. Ta kwashe shekara shida da shi tare da ɗayan tauraronta Mike Trout ba ta taɓa kammala kaka da nasara fiye da faɗuwa ba, ba ta tsawaita kwantiraginsa ba, ba ta musanya shi ba, a watan Yulin 2023 ma ta ba da matasanta ta ɗauko wasu 'yan wasa, ta ƙare da nasara 73 kacal, shi kuma ya koma Dodgers a kan dala miliyan 700. Ba tsuntsu, ba tarko.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa kamawa, kuma shi ne ya fi damun mai kishin wasan. Ƙungiyar besbol tana rayuwa ne a kan mutanen da ke sayen tikiti wasa 81 na gida duk kaka, da iyayen da ke saya wa yaro riga mai lambar ɗan wasa ɗaya suna fatan za su girma tare. Mutanen Boston sun san wannan zafi tun lokacin da mai ƙungiyar, Harry Frazee, ya sayar da Babe Ruth ga Yankees a kan dala 100,000 a ƙarshen 1919, ƙungiyar kuma ba ta sake ɗaga kofi ba daga 1918 sai 2004. Idan mai dukiya ya roƙi magoya baya su haƙura da shekarun reno, ya kuma tsadantar da tikiti, sannan ya saki ɗan da aka rena daidai lokacin da ya kai, ya ci amanar da babu wanda ya rubuta ta amma kowa ya san da ita.

Ƙungiyar da ke son riƙe tauraronta ba ta jiran shekara ta shida, domin a lokacin ya riga ya hango kasuwa. Tampa Bay ta ƙulla doguwar yarjejeniya da Evan Longoria kwanaki kaɗan bayan wasansa na farko a 2008, Atlanta ta ba Ronald Acuña Jr. dala miliyan 100 na shekara 8 a 2019 yana da shekara 21, ya zama gwarzon ɗayan rukunin gasar, National League, a 2023. Wannan hanya ma tana da gefen da ba shi da daɗin kallo, domin matashin da ya fito daga gidan talakawa a Benezuwela ko Jamhuriyar Dominika yana iya karɓar abin da bai kai darajarsa ba saboda tsoron rauni, kuma dala miliyan 35 na shekara 7 da Atlanta ta ba Ozzie Albies ta jawo irin wannan suka. Duk da haka ana iya yin ta da adalci: Kansas City, wadda ke cikin ƙungiyoyi masu ƙaramin birni da ƙarancin kuɗin shiga, ta ba Bobby Witt Jr. kusan dala miliyan 289 na shekara 11 a watan Fabrairun 2024, kuma a wannan kaka ta shiga zagayen neman kofi karo na farko tun 2015. Boston kuwa, bayan ta saki Betts ta kuma bar Xander Bogaerts ya tafi San Diego a ƙarshen 2022, sai ta ba Rafael Devers dala miliyan 313.5 na shekara 10 a watan Janairun 2023, a lokacin da magoya baya suka cika da fushi, kuɗin da bai yi nisa sosai da na Betts ba ga ɗan wasan da bai kai shi tsaron fili ko gudu ba, kuma a watan Yunin 2025 ta miƙa shi ga San Francisco.