Ginshiƙan Binciken Zamantakewa a Karkarar Kano: Misali daga Kibiya

Binciken zamantakewa hanya ce tsararriya ta gano yadda jama'a suke rayuwa da dalilan da suke juya al'amuransu. Ginshiƙansa su ne al'ummar da ake nazari, samfuri, abin da ake ƙirgawa, ma'auni, dabarar tattara bayanai da riƙon amana. Ƙaramar Hukumar Kibiya, maƙwabciyar Rano a kudancin Jihar Kano, ta isa misalin yadda kowannensu yake aiki a ƙasar manoma.

Al'ummar bincike ita ce dukkan mutanen da sakamakon zai yi magana a kansu. Ƙidayar 2006 ta ba Kibiya mutum sama da 136,000, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, don haka duk adadin da ake ambata yau kirdado ne. Tun da ba za a iya jin ta bakin kowa ba, sai a ɗebi samfuri. Sharaɗinsa shi ne kowane gida ya sami damar faɗowa cikin zaɓen, kamar yadda ƙuri'a take yi. Wanda ya tsaya a cikin garin Kibiya da bakin titi, ya bar ƙauyukan Tarai, Durba da Fammar, ra'ayin masu kusa da mota ya tattaro. Haka wanda ya zo da rani zai tarar samari da yawa sun tafi cin rani.

Abin da ake ƙirgawa shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Gida ɗaya mai zaure ɗaya yana iya ƙunsar sassa huɗu, kowanne da tukunyarsa. Wasu 'ya'yan suna noma a gandun mahaifinsu, suna kuma da gayaunarsu. Wasu sun riga sun ware. Mai bincike Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967 ta kuma fitar da littafinta a 1972, ta ɗauki masu noma tare a matsayin abin ƙirgawa. Sannan ta nemi mutanen garin su kasa manoman rukuni huɗu gwargwadon ƙarfinsu. Da haka ta nuna akwai tazara mai yawa tsakanin masu hali da matalauta a ƙauyen da baƙo zai ɗauka kowa daidai yake.

Ma'auni shi ne mayar da tunani abin da za a iya aunawa. Manomi ba ya lissafin dawarsa da kilo. Da dami yake yi, da buhu da tiya, kuma damin wani ya fi na wani. Dole mai bincike ya auna su da sikeli kafin ya haɗa jimla. Ana gwada ma'auni ta fuska biyu: ko yana ba da amsa iri ɗaya in an maimaita, da kuma ko abin da ake nufi ɗin yake aunawa. Misali, ma'aikaci ya zauna a zaure ya tambayi maigida, "Alhaji, uwargida tana aiki?" Ya ce a'a. Ko sau goma aka tambaya amsar ba za ta canza ba, amma ba ta inganta ba, domin a cikin gida matar tana matse gyaɗa, tana soya ƙuli-ƙuli, 'yarta tana kai shi talla, ita kuma tana zubin adashi. Nazarin Enid Schildkrout a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara da aiken yara.

Dabarun tattara bayanai iri biyu ne. Na alƙaluma suna amfani da takardar tambayoyi, su nuna yawa da yaɗuwa. Na zurfafawa suna amfani da doguwar hira da zama cikin jama'a, su nuna dalili. Mai bincike Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, kuma daga bakin tsohuwa ɗaya aka fahimci aure, kishi da ƙawance fiye da yadda jadawali zai bayyana. Irin wannan zama ne yake koya wa mai bincike cewa kunya tana hana uwa ambatar sunan ɗan fari, don haka sai mace ta shiga ta yi tambayar cikin hikima.

Wajen fassara sakamako, haɗuwar abubuwa biyu ba hujja ba ce cewa ɗaya ya haifi ɗaya. In masu noman rani da ruwan madatsar Tiga sun fi wadata, sai an bincika ko dama masu jari ne suka iya shiga harkar.

Ginshiƙi na ƙarshe amana ce. Ana shiga gari ta hannun hakimi, dagaci da mai unguwa, amma izininsu bai maye gurbin yardar wanda za a tambaya ba. Wajibi ne a faɗa masa manufar aikin, a sakaya sunansa, kuma kada a bari ya zaci rajistar tallafi ko ta haraji ce, domin kowane zato yana karkatar da amsa. Binciken da ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa shi ne ya cancanci a gina shirin taki, makaranta ko asibiti a kansa.