Gado Ne Ko Wahalar Rayuwa? Bitar Littafin Hidden Valley Road na Robert Kolker

Don Galvin da matarsa Mimi sun haifi 'ya'ya 12 tsakanin 1945 da 1965, maza 10 a jere, sannan mata 2 suka rufe ƙofa. Shi hafsan sojan saman Amurka ne, ita kuma uwargida ce da ba ta yarda maƙwabta su ga aibin gidanta. Sun zauna a garin Colorado Springs, a wani layi da ake kira Hidden Valley Road. Daga cikin mazan nan 10, sai da 6 suka kamu da sikizofireniya ɗaya bayan ɗaya, wato nau'in taɓin hankalin da ke sa mutum ya ji muryoyin da babu su, ya kuma yi imani da abin da bai faru ba. Sunayensu Donald, Jim, Brian, Joe, Matt da Peter. Labarin wannan gida ɗan jarida Robert Kolker ya rubuta a littafinsa da ya fito a 2020, wanda jaridar New York Times ta sa cikin littattafai 10 mafi kyau na shekarar.

Ina ganin littafin ya cancanci wannan yabo, kuma ba don girman masifar da ke cikinsa ba. Masifa kowa na iya ba da labarinta. Abin da Kolker ya yi shi ne ya ɗauki tambayar da duk iyayen da ɗansu ya taɓu suke kwana da ita, wai daga jini abin ya zo ko wani abu ne ya same shi, ya bi ta a hankali har mai karatu ya gane da kansa cewa tun farko ba a yi tambayar daidai ba.

Littafin ya buɗe ne a 1972. Mary, autar gidan, tana ƙaramar yarinya, ta ja babban wansu Donald zuwa kan tudu ta ɗaure shi a jikin bishiya. Donald a lokacin ya haura shekara 25, ya aske kansa, ya yafa zanen gado kamar wani waliyyi, yana ta maimaita addu'o'i ba dare ba rana. Yarinyar ba muguwa ba ce. Ta gaji ne da kunyar da yake ja mata idan ta dawo daga makaranta. Daga wannan shafi na farko an san inda marubucin ya sa gaba: zai kalli ciwon ta idon waɗanda suka tashi a cikinsa da lafiyarsu, musamman 'yan matan biyu, Margaret da Mary wadda daga baya ta sauya suna zuwa Lindsay.

Tsarin littafin igiya biyu ce aka tufka. Babi ɗaya ya ba ka labarin gida, na gaba ya kai ka wurin masana. A ɓangaren masanan ne mai karatu zai haɗu da Frieda Fromm-Reichmann, likitar da a 1948 ta fito da ra'ayin cewa uwa mai sanyin zuciya da son mulki ita ke jefa ɗanta cikin wannan ciwo. Ra'ayin ya yi shekaru yana cin kasuwa a Amurka, kuma Mimi ta sha shi a asibitoci: ta kai ɗanta neman magani, a koma ana yi mata kallon mai laifi. A nan Kolker ya nuna adalcin da ya fi burge ni. Bai wanke Mimi tas ba. Ya nuna yadda son rufin asiri ya hana ta ganin cewa Jim yana lalata da ƙannensa mata, ya nuna yadda ta ba marasa lafiyar dukan ƙarfinta har masu lafiyar suka tashi kamar marayu. Amma ya kuma nuna macen da ta ƙi jefar da 'ya'yanta, ta yi ta jinya har tsufa ya ci ƙarfinta, ta rasu a 2017. Mai karatu zai ji haushinta, zai kuma ji tausayinta, kuma ba zai fita da tunanin ita ta haddasa ciwon ba.

Sai masu farautar ƙwayoyin gado. Lynn DeLisi ta ziyarci gidan a shekarun 1980 ta ɗebi jininsu, bisa imanin cewa gidajen da ciwon ya yi yawa a cikinsu su ne za su tona asirinsa. Aikinta ya yi shekaru a ajiye bayan kamfanin magungunan da ke ɗaukar nauyinsa ya janye. Sai a 2016 aka wallafa sakamakon da ya nuna sauyi a wata ƙwayar gado mai suna SHANK2, wadda ke aiki a mahaɗar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo. Ta ɓangaren Mimi sauyin ya biyo, alhali ita ta daɗe tana zargin dangin mijinta. Shi kuwa Robert Freedman na Jami'ar Kolorado wani gwaji mai sauƙi ya yi amfani da shi: a sa wa mutum ƙara sau biyu a jere. Ƙwaƙwalwa mai lafiya takan rage kula da ta biyun, tunda ta riga ta san ta. Ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo takan karɓi ta biyun da ƙarfi kamar ta farko, wato ba ta iya tace abin da ke shigo mata. Ban taɓa karanta bayanin da ya sa na fahimci gajiyar da waɗannan bayin Allah ke ciki kamar wannan ba.

To, gado ne ke nan? Alƙaluma sun ce gado na da babban hannu. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa. Idan uwa ko uba na da ciwon, haɗarin yakan kai kusan 10 cikin 100. Amma ga tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, idan ɗaya ya kamu, yiwuwar ɗayan ya kamu ba ta wuce rabi ba. Kuma ba ƙwaya ɗaya ce ke da alhakin ba: wani babban bincike na 2014 ya gano wurare 108 a cikin kundin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da ciwon, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri, na 2022 kuma ya kai adadin 287. Abin da ake gada rauni ne, ba hukunci ba. Kamar katangar laka ce mai tsaga a ciki: tana iya shekara da shekaru a tsaye, sai daminar da ruwa ya yi yawa ta kwanta, ta maƙwabci kuwa da ruwan ya daka daidai da ita tana nan.

Gidan Galvin ya ga ruwa mai yawa. Samari 10 a gida ɗaya suna dambe har da jini, uba kullum yana hanya. Donald ya fara rikicewa a jami'a, abin ya tsananta da aurensa ya mutu. A 1973 Brian ya harbe budurwarsa ya harbe kansa. Peter yana ɗan shekara 14 ya ga mahaifinsa ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, ba a daɗe ba shi ma ya taɓu. Littafin ya kuma bayyana dalilin da ya sa ciwon ke jiran samartaka kafin ya fito. Daga balaga zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, ƙwaƙwalwa tana yi wa kanta kwaskwarima, tana datse mahaɗan jijiyoyin da ba ta buƙata. Binciken 2016 a kan ƙwayar gado ta C4 ya ƙarfafa zaton cewa a wasu mutane datsewar kan wuce kima. Lokacin kuma ya zo daidai da barin gida, jarrabawa, soyayya da neman abin yi.

Inda nake da ƙorafi shi ne nan. Kolker ya ba masu binciken gado fili sosai, da tarihinsu da gasarsu da takaicinsu, amma ilimin da ke bayanin ɓangaren matsin rayuwa bai samu irin wannan kulawa ba, duk da cewa labarin gidan cike yake da shi. Akwai binciken da Pekka Tienari ya jagoranta a ƙasar Finlan a kan 'ya'yan mata masu sikizofireniya da aka ba wasu riƙo: waɗanda suka tashi a gidajen da ake zaman lafiya, haɗarinsu ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda suka faɗa gidajen rikici. Akwai kuma batun wiwi. Binciken da Marta Di Forti da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya nuna masu shan ta kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 3 wajen haɗarin taɓuwa, idan mai ƙarfi ce kuma kusan sau 5. Samarin Galvin sun tashi a zamanin da ƙwaya ta yi yawa a hannun matasan Amurka, kuma na so a tsaya a kan wannan fiye da yadda aka tsaya. Ƙorafi na biyu: marasa lafiyar kansu ba a jin muryarsu sosai. Mun san abin da suka yi wa mutane fiye da abin da suke ji a ransu. Wani ɓangare na wannan ba laifin marubuci ba ne, domin uku daga cikinsu sun rasu kafin ya fara aikin.

Babin magunguna yana buƙatar a karanta shi da natsuwa. Jim ya rasu a 2001, Joe a 2009, kuma littafin ya danganta mutuwarsu da illar magungunan da suka shekara suna sha. Gaskiya ce mai ɗaci, kuma daidai ne a faɗe ta. Sai dai kada wani ya karanta ya ce ɗansa ya daina shan magani. Abin da labarin ke nunawa shi ne haɗarin barin majinyaci a kan ƙwaya shekara da shekaru ba tare da likita na duba zuciyarsa da nauyinsa da jininsa ba.

Bahaushe zai ga gidansu a cikin wannan littafi, ko da bai taɓa jin sunan Kolorado ba. Mu ma muna ɓoye wanda ya taɓu a ƙuryar ɗaki. Mu ma idan an zo binciken aure aka ji an ce akwai abin a danginsu, sai a janye, alhali mafi yawan 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa. Kuma sau da yawa sai an gama zagaya masu cire aljanu da masu karya sammu, wani lokaci har da mari a ƙafa, kafin a tuna da asibitocin masu taɓin hankali na Dawanau ko Kware ko Barnawa, bayan an ɓata watannin farko da magani ya fi tasiri a cikinsu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Littafin da Turanci yake, amma Turancin ɗan jarida ne mai sauƙin bi, kuma babi-babinsa gajeru ne. Ina ba ɗaliban likitanci da malaman jinya da malaman makarantun gaba da sakandare shawarar su neme shi, haka duk wanda ke da majinyaci a gida, muddin ya shirya wa wasu shafuka masu nauyi. Ga manazartanmu da masu fassara kuma, wannan littafi ne da ya cancanci a mayar da shi Hausa.