Sharhi a Kan "The Glory": Wa Ya Biya Kuɗin Ramuwa?

Wasan talabijin ɗin nan mai kashi 16, wanda Kim Eun-sook ta Koriya ta Kudu ta rubuta, ya fito a Netflix a 2022 da 2023. Jigonsa ramuwar gayya. Tauraruwarsa, Moon Dong-eun, 'yar talakawa ce da 'ya'yan masu kuɗi suka riƙa ƙona wa jiki da ƙarfen gyaran gashi har ta bar makaranta. Bayan shekara 18 ta dawo tana koyar da 'yar babbar maƙiyiyarta.

Mun yaba wa haƙurin marubuciyar. Ba ta ba Dong-eun wuƙa ba, sai ta bar ta tana rura wutar gaba tsakanin azzaluman har suka cinye junansu.

Amma muna da ƙorafi. An yi azzaluman baƙi ƙirin, don haka mai kallo ba ya ko tambayar kansa ko ramuwar ta wuce gona da iri. Yarinyar kuwa, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, ta rabu da uwarta, kuma wasan bai daɗe a kan ciwonta ba.

'Yan'uwa marubuta, in za mu rubuta ramuwa, mu nuna marar laifin da ta shafa.