Tsohuwar Bindiga da Sabuwar Ƙota: Sharhi Kan Yadda Muke Tattara Bindigogin Tarihi a Ƙasar Rano

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne wata bindiga da aka nuna mini a wani gida a Fassi, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, lokacin da nake yawon neman kayan tarihi a ƙasar Rano. Maigidan, wanda dattijo ne mai mutunci, ya fito da ita naɗe cikin tsohon buhu, ya ce da ita kakan mahaifinsa ya yaƙi Ningawa. Da na karɓa na juya ta, sai na ga farantin ƙarfen da ke gefe, inda kunama take, yana ɗauke da tambarin kambin sarautar Ingila da haruffan V.R. da shekarar 1862. Amma ƙotar icen marke ce, sassaƙar gida, bututun kuwa irin na sitiyarin mota ne da maƙeranmu suka daɗe suna amfani da shi. Na ce masa, "Baba, ai wannan bututu bai ga Ningawa ba." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni na sa aka sauya shi da na farkon ya tsage, ƙotar kuwa mahaifina ne ya sauya da gara ta ci. Amma ai bindigar ita ce dai."

Wannan amsa ta dattijo ba ta da aibu, domin bai ɓoye mini komai ba. Aibun yana wurinmu, mu masu tattarawa da masu shirya baje kolin kayan gargajiya. Sau da yawa na ga an jera irin waɗannan bindigogi an liƙa musu 'yar takarda mai cewa "bindigar yaƙin Ningi" ko "bindigar yaƙin Nasara, 1903", alhali babu wanda ya duba ko wane ɓangare nata ne ya kai wannan shekaru. Malamin makaranta ya kawo ɗalibansa su kwafe wannan bayani a littafi, daga nan kuma zato ya zama tarihi.

Ya kamata mu fara tuna cewa bindiga ba ita ce babban makamin mutanen wannan yanki ba. Tun da Malam Hamza ya bar Tsakuwa ya shige duwatsun Ningi wajejen 1846, har zuwa zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1883) da bayansa, garuruwan kudancin Kano sun sha hare-hare, kuma abin da talaka ya dogara da shi shi ne ganuwa da kwari da baka da mashi da takobi. Bindiga kayan sarki ce, galibi a hannun bayinsa take. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya nuna cewa Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Littafin nan kuma ya ambaci bindiga tun zuwan Dagaci daga Borno a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, abin da masana da yawa ba su yarda da shi ba. Ashe ke nan ɗora wa bindiga shekarun da ba nata ba tsohuwar ɗabi'a ce, ba mu muka fara ba. Duk wanda ya ƙirga bindigogin da ake jingina wa yaƙin Ningi a yau, zai yi zaton kowane gida a Rano da Kibiya yana da tasa a wancan zamani, kuma ba haka abin yake ba.

To, me shekarar 1862 da ke jikin ƙarfen nan take gaya mana? Abu ɗaya tak: ba a ƙera wannan ƙarfe kafin 1862 ba. Ba ta gaya mana yaushe ya iso ƙasar Hausa ba. Bindigar soja ba ta fita kasuwa sai gwamnatinta ta gama morar ta, kuma kafin ta fita takan sha gyara a hannun gwamnatin kanta. Alal misali, bindigar Enfield ta 1853 ta baki ake ɗura mata albarushi. A 1866 sojan Ingila suka karɓi dabarar wani Ba'amurke mai suna Jacob Snider, aka riƙa yanke gindin bututun ana sa masa 'yar ƙofa da za a zura harsashi ta baya, sai ta koma bindigar Snider. Haka Martini-Henry ta 1871, an sauya wa da yawa daga cikinsu bututu daga 1895 don su ɗauki sabon harsashi, shi ya sa za ka ga wata da shekaru biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Faransa ma ta mayar da bindigoginta na Chassepot na 1866 zuwa tsarin Gras na 1874. Bayan an yar da su, 'yan kasuwar Birmingham da na Liège ta ƙasar Beljiyam sukan saya, su harhaɗa, su aiko Afirka. Bugu da ƙari, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu dutsen ƙyastu kawai. Saboda haka ƙarfen Fassi yana iya zuwa a zamanin Maje Karofi, yana kuma iya zuwa bayan Turawa sun zauna, a hannun wani fatake da ya sayo shi daga Kudu a matsayin tarkace.

A nan ne kuma nake saɓa wa wasu 'yan'uwanmu da suka karanta littattafan masu tara bindigogi na Turai, suka ɗauko ma'auninsu gaba ɗaya. A wurin waɗancan, bindiga ba ta da daraja sai lambar da ke jikin kowane ɓangare ta dace da ta sauran, kuma ba a taɓa ta ba tun daga masana'anta. In muka bi wannan ma'auni, to sai mu zubar da kusan duk abin da ke hannun iyayenmu. Ko a Turai ɗin ma ma'aunin bai zauna daidai ba, domin dubban bindigogin Lee-Enfield, irin waɗanda sojojinmu suka riƙe a Bama daga 1943 zuwa 1945, an mayar da su masana'anta bayan yaƙi an yi musu garambawul, aka buga musu haruffan FTR don shaida. Ba wanda ya ce jabu ne, saboda wanda ya gyara ya sa hannu. Maƙerin ƙauye ba shi da hatimi, amma aikinsa yana magana. Ɗaurin ɗanyar fata da ya bushe a wuyan ƙota, da zoben tagulla da aka naɗe bututu da shi, da layar da aka ɗinke a gindi, duk suna ba da labarin yadda mutanenmu suka riƙe makamin da ba su da kayan gyaransa. A ganina wannan ya fi tambarin Sarauniya amfani ga ɗalibin Rano.

Abin da nake kira ɓarna iri biyu ne, kuma na farkon da kyakkyawar niyya ake yin sa. Idan Sallah ta gabato, ko za a yi naɗin sarauta, sai a ba yara bindigogi su goge da samfefa, a shafa baƙin fenti, wani lokaci har da na azurfa. Na taɓa riƙe wata da aka goge har tambarin ya koma inuwa, shekarar kuwa ta tafi ke nan har abada. Tsatsar da ta zauna ta yi baƙi ba cuta ba ce, ɗan mai da tsumma sun wadatar. Na biyun kuwa ha'inci ne tsantsa. Akwai dillalan da ke bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin ƙarafa, su sa a haɗa musu sabuwar bindiga, a binne ta da gishiri ta yi tsatsa, a shafa wa ƙotar toka da baƙin mai, sannan a sayar wa baƙo da labarin cewa a Bebeji aka tsince ta, inda rundunar Kanar Morland ta fasa gari a kan hanyarta ta zuwa Kano kafin ta ci birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Irin wannan sana'a ba a nan kaɗai take ba. Maƙeran mashigin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun shahara da kwaikwayon Martini har da tambarinta, kuma akan gane aikinsu ne idan aka ga harafi a juye, ko haruffan V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, wato bayan rasuwar Sarauniya Victoria.

Akwai kuma batun doka da masu tattarawa ke mantawa. Dokar Makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi har ga bindigar toka, kuma Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa mai kula da Gidan Makama, ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Malamin da ke son kafa ɗakin tarihi a makarantarsa gara ya nemi hoto da bayani, ya bar bindigar a inda doka ta yarda ta zauna. Kada kuma a manta cewa tsohuwar bindiga tana iya kwana da ɗuri shekara da shekaru.

Game da ta Fassi, ban ɗauko ta ba. Na ɗauki hotonta ta fuska huɗu, na rubuta a katina cewa farantin kunama na Ingila ne, 1862. Ƙota ta marke, aikin gida, zamanin mahaifin mai ita. Bututu na sitiyari, zamanin mai ita. Iyalin gidan suna cewa ta je yaƙin Ningi. Da na karanta wa dattijon, sai ya ce in ƙara da cewa maƙerin da ya sa bututun mutumin Kibiya ne, kuma tiya biyu ta dawa aka biya shi. Na ƙara.