Sarauniyar Lugu da Harshen da Aka Ba da Labarinta: Sharhi a kan Littafin Abdoulaye Mamani

A cikin watan Afrilu na shekarar 1899 rundunar Faransa, wadda kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine suke jagora, ta auka wa garin Lugu na ƙasar Arewa, cikin yankin Dogon Dutsi. Mutanen garin, ƙarƙashin Sarauniyarsu, sun tare ta da baka da kibiya, sa'an nan suka janye cikin daji, aka ƙone garin. Rundunar ta wuce gabas, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, kafin a watan Yuli sojojinta baƙar fata su harbe shugabannin nan biyu. Bayan shekara 81, wato a 1980, Abdoulaye Mamani, tsohon ɗan jam'iyyar Sawaba, ya fitar da littafinsa Sarraounia a birnin Paris. Littafin ya ƙwato matar daga hannun marubutan mulkin mallaka. Abin dubawa shi ne hannun da ya miƙa ta, da kuma harshen da ya yi amfani da shi.

Sai a fara da kalmar da Turawa suka laƙaba mata. A cikin rubuce-rubucensu sun kira ta sorcière. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da wannan, domin ta rarrabe mayya, wadda ake zargi da kama kurwa, da bokanya mai ba da magani, da matsafiya mai kula da wurin tsafi. Faransanci ya haɗa ukun cikin tukunya ɗaya, ya kuwa zaɓi mafi muni ya ɗora a sama. Da wannan kalma, mai riƙe da sarautar da jama'a suka yarda da ita ta koma tsohuwa mai mugunta, ƙone garinta kuma ya zama tamkar kawar da ɓarna. Launin fata da jinsi da addini duk sun taru a kalma ɗaya, kuma bindiga ce ta ba kalmar ƙarfin zama tarihi.

Babban aikin Mamani shi ne juya wannan hoto. A littafinsa Turawan ne mahaukata masu ƙishirwar jini, ita kuwa mai hankali ce da sanin ya kamata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin da yaran makaranta suka fi sanin jaruman Faransa bisa na ƙasarsu. Amma juya hoto daban, gyara shi daban.

Na farko, don ya ɗaukaka ta, sai ya sa mata rigar maza: ya mai da ita gwanar harbi mai shiga fagen fama. Sarautar Lugu kuwa tushenta addinin gargajiya ne. Sarauniya tana zaune a keɓe, tana tsaya wa jama'a tsakaninsu da iskokin ƙasa, kuma a yankinta ne ake kai ƙara wurin dutsen shari'a da ake kira Tunguma. Irin wannan iko na mace bai ishi marubucin ba sai da ya ƙara masa makami. Ke nan ma'aunin girma bai sake ba, yana nan na mazaje. An dai yi wa mace ɗaya izinin hawansa.

Na biyu, rubutun sunan kansa abin lura ne. A Hausa sarauniya laƙabin sarauta ne, tushensa ɗaya da sarki da sarauta, kuma mata da dama sun riƙe shi a Lugu kafin 1899 da bayanta. Da aka rubuta shi da ƙa'idar Faransanci, Sarraounia, sai ya zama sunan mutum guda. Sarautar da ake gado ta ɓace a bayan jaruma ɗaya tilo, wadda gwamnati za ta iya ɗauka ta yi ado da ita ba tare da ta waiwayi ƙauyen ba.

Na uku, batun addini. Littafin ya nuna yadda sarakunan Musulmi na maƙwabta suke ƙyamar mutanen Lugu domin azna ne. A bakin mutanen Arewa azna na nufin masu ƙasa na asali da al'adunsu. A bakin wasu kuwa arne zagi ne. Mai karatu da Faransanci ba ya jin wannan bambanci, balle nauyinsa. Wanda zai ba da labarin da Hausa ba shi da mafaka: dole ya zaɓi kalma, zaɓin nan kuwa shi ne zai nuna gefen da ya tsaya.

Na huɗu, wa ya karanta? Littafin ya fito da harshen da ƴan boko kaɗan ne suke iya karantawa, a gidan ɗab'i na ƙasar da ta aiko da rundunar. Da Med Hondo ya mai da shi silima a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, kuma Sarauniyar da ke cikinsa, wadda Aï Keïta ta fito a matsayinta, ba da Hausa take magana ba. Silimar ta ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987. Sunan Lugu ya zagaya duniya, jikokin waɗanda aka ƙone wa gidaje kuwa sai an yi musu tafinta kafin su ji labarin kakanninsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan duka ba ya rage darajar littafin. Yana nuna iyakarsa ne, iyakar da ta shafi masu tsara aikin yaƙi da jahilci kai tsaye. Tun taron Bamako na 1966 aka shimfiɗa ƙa'idar rubutun Hausa, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma doka ba ta rubuta littafi. Idan littattafan karatun manya za su ɗauki labarin Lugu, bai kamata a tsaya ga fassara Mamani ba. Ya kyautu a naɗi maganar dattawan Lugu da Bagaji, maza da mata, a rubuta ta da karin harshensu, a ajiye ta kusa da ta marubucin da ta Turawa, mai koyon karatu ya gwada ukun da kansa. A kuma bayyana a fili dalilin zaɓen kowace kalma: azna ko arna, matsafiya ko mai sarauta. Wanda ya koyi karatu da labarin da aka yanke masa hukuncinsa tun daga kalmomi, baƙaƙe kawai ya koya.